Tutar ƙauyen mutum 300, da tambayar da na kasa amsawa



Yau ba zancen farashin hatsi ko gyaran hanya na zo da shi ba. Wani abu ne da ya tsaya mini a rai tun da na dawo daga ƙasar Cek, kuma rasuwar da anka yi mana a gida watan jiya ta sa na ga ba zan iya ci gaba da riƙe shi ni kaɗai ba. Ku yi haƙuri da ni, zancen yana da ɗan tsawo.

Ga wanda bai san ƙasar ba, Jamhuriyar Cek tana tsakiyar Turai, tsakanin Jamus, Folan, Ostiriya da Slobakiya. Babban birninta Prag. Da can ita da Slobakiya ƙasa guda ce, Cekoslobakiya, sai ranar 1 ga Janairun 1993 sunka rabu lami lafiya, ba a harba ko harsashi guda ba. Mutanenta ba su cika miliyan 11 ba, kuma in faɗin ƙasa ake magana, jihar Tawa kaɗai ta fi ta.

Staj na wata uku ya kai ni can, kan noman dankalin turawa da ajiyar iri. Yankin da anka tura ni suna ce masa Bisocina, ƙasar tuddai ce mai sanyi, dankali ne abin alfaharinsu. An sauke ni gidan wasu manoma cikin wani ƙauye da mutanensa ba su wuce 300 ba. Majami'a guda, kanti guda, tafki a tsakiya, sai wani ɗan gini mai ɗaki uku wanda shi ne ma'aikatar magajin gari.

Washegarin zuwana, ina wucewa ta gaban ginin nan, sai na ga tuta uku. Ta farko na gane ta, ta ƙasar ce: fari a sama, ja a ƙasa, shuɗi mai kusurwa uku a gefe. Ta biyu ta Tarayyar Turai. Ta uku kuwa ban taɓa ganin irinta ba, kore da fari, da zanen bakin garma a tsakiya da ganye guda a samansa. Na tambayi ɗan maigidana, saurayi ne da ya yi karatun Faransanci, shi ne tafintana duk zamana. Na ce wannan ta wace ƙasa ce? Ya ce: "Tamu ce, ta ƙauyenmu."

Wallahi sai da na danne dariya. Na ce a raina, ƙauyen da bai kai rabin unguwarmu ba, har da wata tuta! Na ɗauka irin abin nan ne na wanda ya ƙoshi, ya rasa abin yi da kuɗi.

Sannu a hankali na fahimci yadda abin yake. Ƙasar nan ƴar ƙarama tana da ƙananan hukumomi, komin kamar yadda muke cewa, sama da 6,200. Fiye da rabinsu ba su kai mutum 500 ba. Akwai wani ƙauye, Vysoká Lhota, da mutanensa ba su cika 20 ba, amma yana da magajin garinsa da majalisarsa. A ƙananan ƙauyuka irin wanda na zauna, magajin gari yana da aikinsa na neman abinci, da marece yake zuwa ya buɗe ofis.

Wannan yawan yana da dalili. A 1950 ƙananan hukumomin sun haura 11,000. Gwamnatin kwaminisanci, wadda ta karɓi mulki a 1948, ta dinga haɗe ƙauyuka ƙarƙashin manya, tana kwashe lakwal da ofis tana kai su ƙauyen da ta zaɓa. Kafin mulkin ya faɗi a 1989, sun koma kusan 4,100. Da aka sake ba su dama a 1990, ƙauyuka wajen dubu biyu sunka ce a maido musu da ƴancinsu cikin ƴan shekaru kaɗan. Ƙauyen da na zauna yana cikinsu. Maigidana ya ce mini shekara goma sha sunka yi suna zuwa wani gari neman sa hannu kan kowace takarda, ko gyaran fitilar titi sai sun roƙa. Saboda haka da sunka samu kansu, tuta na cikin abubuwan da sunka nema.

Kuma ba haka kawai mutum zai je wajen tela ya ɗinko tuta ba. A da, birane kaɗai ke da tambari, ƙauyuka hatimi kawai gare su na buga wa takardu. Dokar da ta zo bayan 1990 ce ta ba kowace ƙaramar hukuma damar neman tambari da tuta. Majalisar ƙauye za ta zauna ta amince da zane, a aika Prag. A majalisar wakilai akwai ƙaramin kwamiti da aikinsa ke nan, duba tambura da tutoci, tare da masana. In sun ga kuskure su maido a gyara. In sun yarda, shugaban majalisar wakilai da kansa ne ke sa hannu, a gayyaci magajin gari ya zo Prag ya karɓi takarda. Daga nan a shigar da zanen cikin rajistar ƙasa wadda kowa ke iya dubawa a intanet. Ba dole ba ne ƙauye ya yi tuta, amma yau mafi yawansu sun yi.

Akwai ƙa'idoji. Ba a rubutu a kan tutar, ba a sa hoton mutum mai rai. Launukan ƙidayayyu ne: fari da rawaya a madadin azurfa da zinariya, sai ja, shuɗi, kore da baƙi. Ba a ɗora ja kan shuɗi ko kore kan baƙi, sai dai a ɗora su kan fari ko rawaya, don a gane zanen tun daga nesa. Kuma kada ta yi daidai da ta wani ƙauye.

Da na fara gane karatun tutocin nan, sai tafiya cikin kar ta zame mini kamar karatun allo. In ka ga bakin garma ko lauje, manoma ne, kuma sau da yawa daga tsohon hatiminsu anka ɗauko. In ka ga kifi, ƙauyen masu tafkunan kiwon kifi ne. In ka ga mabuɗi ko takobi, alamar waliyyin da anka sa wa majami'arsu sunansa ce. A kudancin ƙasar za ka yi ta ganin jan fure mai kunne biyar, wannan tambarin gidan Rožmberk ne, masu sarautar da sunka mallaki yankin ɗaruruwan shekaru. A wajen da na zauna kuma, baƙin kan wani irin ɓauna da zobe a hanci yake yawan fitowa, na gidan Pernštejn. Wato tutar tana gaya maka me mutanen ke ci, wa sunka bauta wa, kuma wa ya taɓa karɓar harajinsu.

Tasu tutar ma sai da anka yi gardama a kanta. Masu zuwa majami'a, waɗanda ba su da yawa don Cekawa na cikin mutanen Turai da sunka fi nisa da addini, sun so a sa mabuɗi. Ƴan kashe gobara na sa-kai, waɗanda a kowane ƙauyen Cek su ne ƙashin bayan duk wani taro, sun so a sa abin da zai nuna su. Wasu sunka ce kifi. Abin da ya kashe gardamar shi ne wata tsohuwa da ta hau kar ta je gidan ajiyar takardun tarihi na gundumarsu, ta dawo da hoton wata takarda mai shekara sama da 200, da hatimin ƙauyen a kanta: bakin garma. Kowa ya yi shiru. Ganyen da anka ƙara na itacen lipa ne, itacen da Cekawa ke ɗauka alamar ƙasarsu, akwai wani tsoho a bakin tafkinsu.

Wannan tsohuwar ita ce dalilin rubutun nan. Malamar lakwal ce da ta ajiye aiki, ta haura shekara 75. Ni Mama nake ce mata, ta tambayi ma'anarsa, anka gaya mata, ta ce ta karɓa. Ita ce mai rubuta kronika, wato littafin tarihin ƙauye.

Wata Lahadi ta gayyace ni shan shayi, tafintana ya raka ni. Ta tambaye ni zafi, ta tambaye ni raƙuma, ta tambaye ni me muke nomawa. Na ba ta labarin gero da dawa da wake, na nuna mata hoton rumbu a waya, ta yi ta mamaki. Sai ta ce: "Ƙauyenku, a wace shekara anka kafa shi?"

Na buɗe baki na rufe. Na ce ya daɗe. Ta ce kamar shekara nawa? Na ce kakan kakanmu ne ya sari wurin, ya haƙa rijiya. Ta ce ya sunansa, daga ina ya taso, me ya taso da shi? Sunan na sani. Sauran kuwa, na ce akwai wani ƙanen kakana a gida, Baba Tsoho muke ce masa, shi ya san duk wannan. Ta ce shekararsa nawa? Na ce ya kusa 90. Ta ajiye kofinta ta dube ni ta ce: "To wa ke rubuta abin da yake faɗa?"

Jama'a, ni da na yi lakwal har jami'a, na hau jirgi na zo koyon ajiyar irin dankali, sai ga ni zaune gaban tsohuwa kamar yaron da bai yi haddarsa ba. Ba ta ƙara cewa komi ba, ta tashi ta ɗauko littattafan.

A ƙasar Cek rubuta tarihin ƙauye doka ce. Tun 1835, lokacin suna ƙarƙashin Ostiriya, gwamnan Bohemiya Karel Chotek ya ba da umurnin a riƙa ajiye irin wannan littafi. Da Cekoslobakiya ta samu ƴanci a 1918, cikin dokokinta na farko-farko akwai ta 1920 da ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma littafin tarihi. A 2006 anka sabunta dokar: dole a yi rubutu aƙalla sau guda kowace shekara, kuma duk mai son dubawa yana da damar zuwa ma'aikatar magajin gari ya duba. Tsofaffin littattafan ana kai su gidan ajiya na gunduma, da yawa an ɗauki hotonsu an sa a intanet. Har gasar ƙauyen da ya fi kowa a shekara, wadda suke yi tun 1995, akan ba da takardar yabo ga ƙauyen da ya fi iya riƙon littafinsa.

Na Mama na yanzu da hannu take rubuta shi, babban littafi ne mai bangon fata. Na da kuwa kwafinsu gare ta. Na ɗauka zan ga labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Abin da tafinta ya dinga karanta mini shi ne: ranar da ƙanƙara ta fara sauka. Kuɗin buhun dankali. Yara nawa anka haifa, mutum nawa sunka rasu. Shekarar da wutar lantarki ta shigo. Gobarar da ta cinye rumbun gida lamba kaza. Shekarar da ƙwaro ya faɗa wa dankali. Wane ya tafi Amurka bai dawo ba. Gidajensu suna da lamba tun 1770, zamanin sarauniya Mariya Tereza, kuma lambar tana bin gidan ko an sayar da shi, saboda haka kana iya bin gida guda shekara da shekaru ka ga wa ya shiga wa ya fita.

Shafin farko kuma yana ɗauke da abin da kowane ƙauyen Cek ke fara gabatar da kansa da shi: shekarar da anka fara ambaton sunansa a rubuce. Galibi cikin wata takardar cinikin gona ce ko ta haraji, ta shekarun 1200 ko 1300. Ba wani abin alfahari cikin takardar, sau da yawa ma sayar da ƙauyen anka yi da mutanensa daga hannun wani mai sarauta zuwa wani. Amma daga wannan shekarar suke ƙirga, su yi bikin cika 650 ko 700, su kira duk ɗan ƙauyen da ke birni ko ƙasar waje ya dawo gida.

Ko sunayen ƙauyukan labari ne. Sunan da ya fi yawa a ƙasar shi ne Lhota, akwai ɗaruruwa. Asalin kalmar wa'adi ne. Mai sarauta zai ba mutane daji su sare, ya ɗauke musu haraji na wasu shekaru har gona ta kama, sai wurin ya ci sunan wa'adin. Da na ji haka na tuna Tunga da Zango da Sabon Gari da Gidan wane namu. Mu ma sunan yana riƙe da labarin, illa dai mai fassara shi ne ke ƙarewa.

Sai Mama ta buɗe wasu shafuka da ta ce dole in gani, kada in koma gida in ce littafin nan duk gaskiya ne.

Na farko na zamanin mamayar Jamus ne, daga 1939 zuwa 1945. Ƴan Nazi sun sa an tattara littattafan ƙauyuka an hana rubutu, don ba su son abin da ke ciki game da ƴancin ƙasar. Abin da ke littafinsu na waɗannan shekaru, bayan yaƙi anka zauna anka rubuta shi daga abin da mutane sunka tuna.

Na biyu na farkon shekarun 1950 ne, lokacin da kwaminisanci ya tilasta wa manoma haɗa gonakinsu da dabbobinsu cikin ƙungiya guda. Manoman da ke da ɗan hali anka laƙaba musu suna kulak, maƙiyan talakawa, anka ƙwace dukiyar wasu anka kore su daga gundumarsu. A littafin, shekarar cike take da yabon ƙungiya da yawan madarar da anka tatsa. Sai layi guda a ƙasa: iyalin gida lamba kaza sun bar ƙauye. Shi ke nan. Kamar sun tashi ne don ra'ayin kansu.

Bayan 1989, da Mama ta karɓi littafin, wasu sun ce ta yage waɗannan shafukan na ƙarya. Ta ƙi. Ta ce ƙaryar ma tarihi ce, a bar jikoki su ga yadda ake rubutu in mutum yana jin tsoro. Abin da ta yi, ta nemi ɗiyar gidan nan da anka kora, wadda lokacin ta tsufa a wani gari, ta zauna da ita kwana biyu, ta rubuta abin da ya faru cikin sabon littafi: motar da ta zo da asuba, kayan da anka bari su ɗauka, da sunayen mutanen ƙauyen da sunka sa hannu kan takardar korar.

Tafintana ya karanto sunayen, sai ya tsaya. Mama ta ce masa ya ci gaba. Ta dube ni ta ce: "Na ukun nan mahaifina ne."

Na ce, Mama, ba ki ji nauyi ba? Ta ce ta ji, wata shida tana ɗaukar alƙalami tana ajiyewa, kuma ƙanenta ya yi shekara biyu ba ya gaishe ta. Amma in ta cire sunan ubanta ta bar na uban wani, littafin ya zama nata, ya daina zama na ƙauye. Ranar da anka yi bikin ɗaga sabuwar tuta, ɗiyar gidan nan ta zo, ta zauna a layin gaba.

Daga ranar na daina yi wa tutar kallon abin wasa. Yadi ne da bai fi kamu biyu ba, kowane tela a kasuwar Maraɗi zai ɗinka shi kafin la'asar. Abin da ya ba shi nauyi shi ne mutanen da ke ƙarƙashinsa sun yarda su zauna da abin da ke cikin littafin, mai daɗi da marar daɗi.

Kafin in dawo na gane abin da ya sa Cekawa ke riƙe da wannan abu haka tamau: sun ga ƙauyuka suna ɓacewa da idonsu. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1945 da 1946, an kori Jamusawa kusan miliyan 3 da kakanninsu sunka zauna ƙasar ɗaruruwan shekaru. Ƙauyuka da yawa na bakin iyaka sunka zama kufai, yau sai itatuwan tuffa cikin daji ke nuna an taɓa zama a wurin. Littattafansu da Jamusanci suna nan a gidajen ajiya, jikokin waɗanda anka kora da jikokin waɗanda sunka maye gurbinsu duk suna zuwa dubawa. A arewa kuma haƙar gawayi ta cinye ƙauyuka da dama, har da tsohon birnin Most, inda a 1975 anka ɗora majami'a sukutum kan dogo anka ja ta mita 841 don ta tsira. Ina jin wannan labari na tuna Maraɗi tamu, da ambaliyar Gulbi ta 1945 ta tayar daga kwari ta maido kan tudu. Yara nawa ne yau a Maraɗi za su iya nuna maka inda gidan kakansu yake a tsohon gari?

Sai Lidice, suna faɗinsa Liditse, kamar kilomita 20 daga Prag. Na je ranar wata Asabar. A 1942 ƴan gwagwarmaya sun kai wa Reinhard Heydrich hari, babban jami'in Hitila da ke mulkin ƙasar, ya mutu. Don ramuwa, ranar 10 ga Yuni anka kewaye wannan ƙauye da bai ji ba bai gani ba. An harbe maza 173 a ranar. Mata anka kai su sansanin Ravensbrück. Yara 82 anka kashe su da iskar guba a Chełmno cikin Folan. An ƙone gidaje, an rushe majami'a, an tone maƙabarta, an goge sunan daga taswira. Bayan mako biyu anka yi wa wani ɗan ƙauye, Ležáky, irin wannan, shi ba a sake gina shi ba har yau.

Inda tsohon Lidice yake, yanzu fili ne kore, shiru, sai mutum-mutumin yaran nan 82 na tagulla a tsaye suna kallon kwari. Na daɗe a wurin. Bayan yaƙi mata 143 da yara 17 sunka dawo. A 1947 anka aza harsashin sabon ƙauye a gefen tsohon, da taimakon mutanen duniya, ciki har da masu haƙar gawayi na Ingila. Yau ƙaramar hukuma ce kamar kowace, da magajin garinta da tutarta. Waɗanda sunka rantse za su shafe sunan, ga shi har wasu garuruwa a Meziko da Barazil da Amurka sun ɗauke shi. An san sunan kowane yaro cikin 82 ɗin nan da shekarunsa, don akwai wanda ya rubuta.

Na dawo gida da niyyar in sayi kaye in tafi ƙauye in zauna da Baba Tsoho mako guda. Na ce bari in huta tukuna. Na ce bari a gama girbi. Na ce sai bayan salla. Sau biyu na je gaisuwa, muna zaune a kan tabarma ya fara, ya kai ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 yadda ubansa ya ba shi labari, sai wayata ta yi ƙara na tashi. Shekara biyu ke nan ina cewa gobe. Watan jiya Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ranar sadakar bakwai gardama ta tashi kan burtalin da ke yamma da gari, ina ya fara ina ya ƙare, da yarjejeniyar da anka yi da makiyaya tun zamanin kakanni. Kowa da abin da yake faɗa. Wani dattijo ya ce: "Da Tsoho na nan da an gama zancen nan." Kowa ya yi shiru. Na sunkuyar da kai, don ni kaɗai na san an taɓa tambayata wa ke rubuta abin da yake faɗa.

Kada wani ya ce ina nufin mu ba mu da tarihi. Muna da shi, muna da masu riƙe shi. Makaɗan fada sun haddace jerin sarakunan Katsinar Maraɗi da Gobir da Damagaram. Malamanmu sun yi rubutu da ajami tun kafin Bature ya zo. A Yamai akwai IRSH da ke ajiye tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, akwai CELHTO da aikinta shi ne tarihin baka. Amma yawancin wannan tarihin manya ne. Ɗan ƙauyen da ba shi da fada ba shi da makaɗi, tarihinsa yana cikin kan tsoho guda ko tsohuwa guda, kuma yaran da a da ke zama hira da su, yanzu suna Agadas, Libiya ko kan waya.

Ba kuma tuta nake cewa mu yi ba. Na san halinmu, in anka ce kowane ƙauye ya zana tuta, rikicin wa ya riga wa zama da rikicin sarauta za su taso kafin a sayi yadin. Su ma Cekawan, littafinsu ya girmi tutarsu da shekara 70 ko fiye.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Kaye da bik ba su kai jika guda ba. Kowane ƙauye yana da mushen lakwal ko malamin allo ko ɗalibi da ke zuwa hutu. A rubuta da boko ko da ajami, duk ɗaya. A fara da tsofaffin da sunka rage, maza da mata, don mata sun riƙe abin da maza sunka manta: wa ya haƙa rijiya, daga ina anka taso, me anka ci shekarar El Buhari ta 1984, wa ya tafi bai dawo ba. Sannan kowace shekara bayan girbi a ƙara shafi biyu: ranar shuka, kuɗin tiyar gero, haihuwa da rasuwa, abin da ya faru. A karanta wa jama'a a gaban maigari don wanda ke da gyara ya yi. In an zo wurin da ba daɗi, a rubuta abin da kowane ɓangare ya faɗa, kada a yage.

Ni dai na sayi nawa kayen. Ƙanwar Baba Tsoho tana nan da ranta, idonta ya tafi amma kanta garau. Jumma'ar da ta wuce na zauna da ita, na kashe waya na sa aljihu. Na ce, Iya, ina son ki gaya mini daga ina kakanmu ya taso. Ta yi dariya ta ce: "Sai yanzu?" Sannan ta gyara zama ta fara. Mun cika shafi goma sha ɗaya kafin a kira magariba, kuma ba mu kai ga haƙa rijiyar ba tukuna. Jumma'a mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya. Wanda ke da tsoho a gida, don Allah kada ya yi irin jinkirina.